Hadtak, biskit ɗin matuƙan jirgin ruwa: inda masu koyo ke ɓata fulawarsu

A watan da ya wuce mutum uku suka kawo min hadtak ɗin da suka gasa, kowa na tambayar me ya faru. Na ɗaya ya yi fumfuna. Na biyu yana warin tsohon mai. Na uku lafiyarsa lau, amma mai shi ya ce ya gagari ci, har ya zubar da rabi. Dukkansu na riga na yi musu bayani baki da baki. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai taɓa ji ba, hadtak shi ne sunan da Amurkawa suka fi kiransa da shi, Turawan Ingila kuma su ce biskit ɗin jirgi. Fulawa ce da ruwa da ɗan gishiri, a gasa har ya koma kamar dutse. A zamanin jirage masu filafilai, sojan ruwan Ingila kan samu laba ɗaya a rana, wato giram 450 da ɗoriya. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, sojan Arewa kan karɓi guda tara ko goma kullum. Akwai wani da aka gasa a 1852 da har yanzu yana ajiye a gidan tarihi a Denmak. Biskit ɗin kabin da muka ci a makarantar kwana jikansa ne, sai dai shi an sa masa sukari da mai, don haka ba ya kai rabin kwanan kakansa. Ni na fara yi ne a lokacin kullen korona a 2020, ranar da na ga burodi ya gagara a unguwarmu kuma babu abin da za a ba yara da shayi.

Awon da nake yi bai canza ba tun lokacin: fulawa gwangwanin madara huɗu, ruwa gwangwani ɗaya da ɗan ƙari, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Kwaɓin ya yi tauri, ya fi na cincin tauri nesa ba kusa ba. Idan yana manne wa hannu, ruwa ya yi yawa, a ƙara fulawa. A murza da kwalba, kaurinsa kada ya wuce na ƙaramin yatsa, a yanka murabba'i kamar tafin hannun yaro, a huda da ƙusa mai tsabta, layi huɗu huɗu, huda goma sha shida ke nan, kuma ƙusar ta fita ta ɗaya gefen.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne rufe shi kafin ya bushe, domin shi ne ya taɓa yi min asarar da har yau ban manta ba. A watan Agusta na shekarar da na fara, na sayi fulawa mudu shida da kuɗin da a lokacin ba ƙaramin abu ba ne a wajena. Ni da uwargida muka kwana biyu muna kwaɓi da gashi. Ya fito ya yi ja mai kyau, ka ƙwanƙwasa ka ji tauri. Da ya ɗan huce, da sauran ɗuminsa, muka jera a bokitin fenti guda biyu da muka wanke, muka danne murfi, na tura ƙarƙashin gado ina jin na yi wa iyalina tanadi. Bayan mako biyar na buɗe don in nuna wa wani aboki. Warin ne ya fara dukana. Na sama-sama kamar ba komai, amma da na ɗaga layi na biyu sai ga fumfuna kore da baƙi ta cika hudojin, ta saƙa tsakanin ɗaya da ɗaya kamar auduga. Jikin bokitin daga ciki duk gumi. Uwargida ta tsaya a kaina ba ta ce komai ba, ta ɗauko buhu muka juye duka. Mudu shida, gawayi, da kwana biyu na tsayuwa.

Kallon kitse muka yi wa rogo. Wuta mai ƙarfi tana ƙona bayan ne ta bar cikin da danshi, kuma danshin nan ba ya zama a inda yake. Da ka rufe, sai ya fito a hankali ya jiƙa iskar da ke cikin mazubin, ya koma kan sauran. Guda ɗaya da bai bushe ba ya isa ya kashe bokiti guda. Wannan ba sabon abu ba ne: a yaƙin Amurka ma an sha kai wa sojoji akwatuna masu fumfuna, saboda an zuba su a akwati da wuri bayan gashi, ko an bar su ruwan sama ya dake su a tasha. A rumbunan abincin sojan ruwan Ingila kuwa, bayan an fitar da shi daga wuta, ɗakin da ke saman murhun ake kai shi ya yi kwanaki yana shan zafi kafin a ɗura a buhu.

Don Allah ku daina gaggawa. Kalmar biskit kanta ma'anarta abin da aka gasa sau biyu. Ni yanzu sau biyu ne mafi ƙanƙanta. Gashin farko a matsakaiciyar wuta, minti talatin kowane gefe. In fitar, in baza a faranti ya kwana a buɗe. Washegari in mayar a wuta ƙasa-ƙasa, wajen digiri 120 ga mai obin, awa uku ko huɗu. Mai gashi a tukunya da yashi ya rage gawayi sosai, ya ɗan karkata murfin don tururi ya samu hanya. Hanyar da na fi so ita ce ta gidan burodin unguwarmu. Nakan je da yamma in ce, "Malam, in an kwashe na ƙarshe a saka min farantan nan." Su kwana a cikin murhun yana hucewa, da asuba in ɗauka in ba yaran shagon na goro. Kuma ban ƙara yin hadtak da damina ba. Da hunturu nake yi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar kanta ke busar da leɓe. Wasu na cewa ba sai an jira ba. Su suka sani, ni dai na ga abin da Agusta ke yi.

Kafin ka rufe, gwaji uku. Ka buga guda biyu da juna, ka ji ƙara kamar ta tangaran. Ka fasa mafi kauri da guduma, tsakiyarsa ta zama launi ɗaya da gefe, ba wani duhu-duhu, kuma farce ba ya shiga. Sannan ka sa guda uku a kwalba mai murfi ka ajiye a rana awa ɗaya. In ka ga ko ɗigon gumi a jikin kwalbar, a koma wuta. Wanda kuma ya riga ya yi fumfuna, kada ka kankare ka ce sauran lafiya. Zubar da shi.

Sai masu gyara. Kusan duk wanda ya iya girki, musamman 'yan'uwana mata da suka saba da cincin da kek, da sun ga fulawa da ruwa da gishiri kawai sai su ji abin ya yi tsiya da yawa. Sai a ɗan sa bota, a fasa ƙwai, a zuba madara da sukari. Wata ƙanwata ta ce min, "Yaya, ai haka ba zai ciwu ba." Na ce mata to ki kira shi cincin, ki cinye cikin wata. Mai yana lalacewa ko an rufe ko ba a rufe ba, zafin ƙasarmu kuma yana hanzarta shi. Bayan 'yan watanni za ki ji wari da maƙaƙi a maƙogwaro. Sukari na jawo danshi da kiyashi. Dalilin da ya sa abin nan ke shekaru shi ne babu abin da zai ɓaci a cikinsa, kina ƙara abu kina rage masa kwana. Haka garin alkama da aka niƙo da dusarsa: ya fi amfani a jiki, gaskiya ne, amma akwai mai a ƙwayar, don haka ba ya daɗewa kamar farar fulawa. In na yi da shi, na watanni nake ɗaukarsa, kuma nakan rubuta a jiki.

Yis, kanwa, da duk abin da ke sa kwaɓi ya tashi, babu ruwansu a nan. Rashin huda na sa ya kumbura ya riƙe tururi. Kauri fiye da kima ba ya bushewa. Gishiri mai yawa ƙishirwa ce a ranar da wataƙila ruwan ma aunawa ake yi. Tsohuwar fulawa mai ƙwari a tankaɗe ta, in tana wari a haƙura da ita.

Yanzu haƙori. Wannan ina faɗa ne da zafi, don har yau ɓangaren hagu nake tauna. Muna hanyar Legas da dare motarmu ta lalace tsakanin Makwa da Jebba, muka kwana a bakin titi. Yunwa ta taso, na tuna akwai guda huɗu a jakata. Babu shayi, ruwan gorar saura kaɗan, na ce bari in ɗan gatsa gefe. Na sa turmin dama na danna. Ƙarar da na ji a cikin kaina nake ji, ba a kunne ba. Na tofo a tafin hannu na haska da waya: ɓarin haƙori fari, shi kuwa biskit ɗin ko alamar cizo babu. Na ƙarasa tafiyar iska na shiga wurin kamar allura. Likita ya duba ya ce ya tsage har ƙasa, sai cirewa. Kuɗin da na biya ya fi na buhun fulawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda samari ke mayar da wannan gwajin ƙarfi. Ka ba mutum, ka ce masa jiƙawa ake yi, sai ya yi dariya ya ce shi da yake fasa goriba da aya. Goriba daban, wannan daban. Sojojin Amurka da kansu sunayen da suka laƙaba masa su ne mai dakushe haƙori da farantin ƙarfe, da gindin bindiga suke farfasa shi. Sojojin Ostireliya a fagen yaƙin Galifoli na ƙasar Turkiyya a 1915 gurza shi suke yi su dama kamar kunu, wasu ma wasiƙa suka rubuta a jikinsa suka aika gida, saboda ya fi kwali ƙwari. Mutanen da suka rayu a kansa ba su gatsa ba, kai wane ne? Kuma kada a kuskura a miƙa wa yaro ko tsoho busasshe. Yaro zai iya shaƙewa da ɓarinsa.

Yadda nake ci: in naɗe a tsumma mai tsabta, in buga da taɓarya ko dutse ya farfashe, in zuba a shayi mai zafi in rufe minti goma sha biyar. Ruwan sanyi ma yana yi, amma sai ka ba shi awa ko fiye. In ana gida, a daka a turmi a zuba a romo ko miya, yana kama jiki kamar fate. Wanda yara suka fi so shi ne a jiƙa ya yi laushi, a tsane, a soya da albasa da ɗan mai da yaji. Kun ga inda mai ke shigowa ke nan, ranar ci, a kasko.

Akwai masu tara shi su ɗauka sun gama tanadi. Hadtak ƙarfi kawai yake bayarwa, ba shi da sinadarin bitamin C ko kaɗan. Matuƙan da suka yi watanni a kansa da naman gishiri sun yi ta kamuwa da ciwon sikabi, dadashi ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, tsohon rauni ya buɗe. A 1747 ne likitan jirgi James Lind ya gwada ba wasu marasa lafiya lemo da lemon tsami ya ga sun miƙe. Mu Allah ya hore mana abin haɗi da ba sai an nema daga nesa ba. Kusa da gwangwanayena akwai garin ƙwame, busasshen zogale, tsamiya da dabino. Kilishi da ƙuli-ƙuli ma ina ajiyewa, amma a mazubinsu daban, kuma ina sauya su akai-akai saboda man da ke jikinsu.

Ajiya a leda kaɗai kyauta ce ga ɓera. Buhu da kwali kuma ƙofa ce ga ƙwari. Sojojin wancan zamanin sukan jefa nasu a ruwan kofi mai zafi, tsutsotsi su taso sama su kwashe da cokali su ci gaba da sha, amma mu da muke da kwalba da gwangwani mai murfi ba abin da zai kai mu ga haka. Bokiti babba ma na daina, tun daga waccan asarar. Ƙananan gwangwanayen madarar gari nake amfani da su, kowanne guda goma sha biyu, in naɗe bakin murfin da salatif, in rubuta wata da shekara, in ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa. In ɗaya ya ɓaci, shi kaɗai ya tafi. Duk ƙarshen damina nakan buɗe guda in shinshina, in fasa ɗaya in duba ciki. Wanda na buɗe bana an rubuta Janairu 2022 a jikinsa. Na fasa, ciki fari tas, muka jiƙa a shayi da safe, ƙaramar 'yata ta ce a ƙara mata sukari a kofinta.