Kana son mazo ya riƙa leƙo gonarka? Kurakuran da aka fi yi

'Yan uwanmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙasar Gana, da suka sayi gonaki a bayan gari, ta hanyar Offinso ko Mampong, wasunsu na sha'awar ganin naman daji na kiwo a bakin gona. A kurmin Asante mazo da gada ake sa ran gani. Yawancin ɓarnar kuwa daga wuri guda take tasowa: a ɗauke su tamkar awakin gida.

Sai mutum ya zuba masara a gindin bishiya, wai yana kiran baƙi. Mazo ganye da tofo yake ci, gada ta fi son 'ya'yan itacen da suka faɗo. Hatsi mai yawa lokaci guda yakan sa tumbinsu ya yi tsami har dabbar ta mutu. Wadda ta tsira kuma ta saba da mutum, ta daina gudu, maharbin da ya fara cin karo da ita ya kai ta Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi. Kada ka ba su komai. Abin da ke jawo su duhuwa ce da ruwa da rashin hayaniya. In za ka yi sassabe, bar sarƙaƙiyar bakin rafi yadda take, ka hana cinna wuta da hunturu, ka ɗaure karnuka da dare, don a kusa da mutane da dare mazo ke fitowa.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne tsintar ɗa. Yaro ya ga ɗan mazo kwance shi kaɗai a ciyawa, ya ce maraya ne, ya kinkimo shi gida. Uwar ce ta ɓoye shi. Takan dawo ta ba shi nono ta sake tafiya, makonni a haka. Ku bar shi inda yake. In an ga rauni a fili, a sanar da Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, su ke da hurumi. Ajiye naman daji a gida ba lasisi laifi ne a Gana. Namijin da aka rena da hannu ma, ran da ƙahonsa ya ƙosa ba ya shakkar kowa.

Tarkon waya da ake ɗana wa gyazbi ba ya zaɓe, gada ma tana faɗawa. Ka bi gefen gona ka kwance su. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an hana farauta, gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma da lasisi.

Kanwar lasa kuma a bar wa tumaki cikin garke, don haɗa su da naman daji wuri guda musayar kaska da cuta ne. Kuɓewa da ganyen gwaza kuwa, in mazo ya zo zai ci, babu makawa. Kewaye lambun da shinge mai tsayi tun kafin shuka ta fito.