Kurakuran da aka fi yi wajen dogara sanda, da yadda ake gyara su

Mahaifiyata ta yi wata uku tana dogara sanda kafin mu kai ta wajen likitar motsa gaɓoɓi. Jiri ne ya sako ta gaba, ga kuma gwiwar dama da ta daɗe tana damunta. Likitar ta ce, "Mama, tashi ki taka zuwa bakin ƙofa in gani." Taku biyar ta yi aka tsayar da ita. Likitar ta zare sandar daga hannunta na dama, ta danƙa mata a na hagu, ta ce ta sake takawa. Ni na sayo sandar nan, kuma har ranar ban san akwai hannun da ya dace da wanda bai dace ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, don hankali yana ba mutum cewa ɓangaren da ke ciwo shi ke buƙatar tallafi, sai ya riƙe sanda a nan. Amma ka lura da tafiyar mai lafiya: idan ya jefa ƙafar dama, hannun hagu ne ke yin gaba. Sanda tana bin wannan tsarin ne. Idan ƙafar dama ce mai rauni, sanda ta koma hagu, su tafi tare su sauka tare, sannan ƙafa mai ƙarfi ta wuce su. Da haka nauyin jiki yake rabuwa tsakanin sanda da ƙafa mai ciwo, tsayuwar mutum kuma ta yi faɗi. Wanda ya riƙe ta a ɓangaren ciwon, karkata zai riƙa yi can a kowane taku, ya ƙara wa ƙugu da kafaɗa wahala. Wanda kuwa ƙafafunsa lafiya lau, tangaɗi ne kawai matsalarsa, sai ya riƙe a hannun da ya fi jin daɗin sarrafawa. Kwanakin farko na sauyin za ka ji abin banbaraƙwai. Mama ta yi kusan mako tana mantawa muna tuna mata.

Sai tsawo. Sanda da yawa aro ce ko gado, an yanka ta ne daidai jikin wani. Idan ta yi tsawo, kafaɗa za ta ɗage sama, hannu ba zai samu ƙarfin dannawa ba. Idan ta yi gajarta, mutum zai riƙa sunkuyawa, bayansa ya ƙage, nauyinsa ya rinjaya gaba, inda faɗuwa take jira. Awon ba shi da wuya: ka sa takalmin da ka saba fita da shi, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwanka. Mariƙin sandar ya zo daidai layin wuyan hannu. In ka riƙe, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa, kamar digiri 15 zuwa 20. Sandar ƙarfe mai ramuka ana matsar da maɓallinta sama ko ƙasa, a tabbatar ya faɗa raminsa sosai. Ta katako kuwa a cire robar gindi, a yanke kaɗan-kaɗan ana gwadawa, don abin da aka yanke ba ya dawowa.

Robar gindin nan ma ba a cika duba ta ba, alhali ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. Juya sandar ka gani. In zanen ƙasanta ya shafe, ko ta cinye ta gefe guda, ko ta tsage, a canza ta yau. Robar da ta suɗe a kan jiƙaƙƙen tayil zamewa take yi, ta tafi da mai ita.

Akwai masu jefa sanda can gaba da nisa sannan su bi ta da jiki, akwai masu kafa ido a kan yatsun ƙafarsu. Duk biyun suna jawo jiki gaba. Ɗan taku guda ya isa tazarar sanda, ido kuma ya kalli hanya, 'yan taku kaɗan a gabanka.

Wajen tashi daga zaune nake jin tsoro ƙwarai. Za ka ga dattijo ya kafa sanda a tsakiyar ƙafafunsa, ya ɗora hannu biyu a kai, yana jan jikinsa sama. Sandar na gocewa, babu abin da zai tare shi. Abin yi shi ne ya matso bakin kujera, ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya dafa hannun kujera ya tura kansa sama, sai ya miƙe sannan ya ɗora nauyi a sanda. Kada kuma ya taka nan take. Jinin wasu yana sauka idan suka miƙe da sauri, musamman masu shan maganin hawan jini, sai su ga duhu-duhu. Ya ɗan tsaya har idonsa ya washe. Da safe ma ya fara zama a bakin gado kafin ya tashi.

A matakala, ƙafa mai ƙarfi ce ke fara hawa, sanda da mai rauni su biyo. Wajen sauka sanda ce kan gaba, sai mai rauni, mai ƙarfi ta zo ƙarshe. In akwai ƙarfen dafawa, a kama shi da ɗaya hannun.

Wasu suna ɗora wa sanda abin da ya fi ƙarfinta. Ba a yi ta don ɗaukar mutum ba. Abin da ake ƙiyastawa shi ne kada nauyin da aka ɗora mata ya wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki. Babban aikinta ga mai tangaɗi ma shi ne sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙasa take ta hanyar tafin hannu. Shi ya sa take taimaka wa wanda ciwon suga ya kashe wa jijiyoyin tafin ƙafa, ko wanda kunnensa na ciki ya samu matsala. In ka ga mutum yana kwantawa a kanta har hannunsa na rawa, ko yana neman bango da ɗaya hannun, ya wuce matakin sanda. Abin dogarawa mai ƙafa huɗu da ake riƙewa da hannu biyu yake buƙata. Sanda mai yatsu huɗu a gindi kuma sai dukkansu sun zauna a ƙasa take da amfani, kuma ɓangarenta marar tudu shi ke kallon jiki, don kada ta harɗe ƙafa.

Kada sanda ta hana zuwa asibiti. Tana rage haɗari, amma ba ta warkar da jiri. Dalilin zai iya zama ido, ko kunne, ko maganin barci da ake sha. Jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu alama ce ta shanyewar ɓarin jiki, ba a jira gari ya waye.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ajiye sanda a bakin ƙofa, a ce sai za a fita ake ɗaukarta. Wasu ma kunya ke hana su ɗaukarta ko kaɗan, kada a ce sun tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ɗaya takan kwantar da dattijon da jiya yake yawonsa. Cikin gida kuwa, inda mutum ya saki jiki, nan ake bin bango, ana dafa ƙofar da ke buɗewa da kujerar da ke gocewa, da silifas a ƙafa, cikin duhu, a hanyar banɗaki.

Mama ta fi faɗa da mu a kan wannan. "Ɗakina ne fa, na san ko'ina," in ji ta. Ban yi musu da ita ba. Na naɗe 'yar dardumar da ke tsakanin gadonta da ƙofa, na sa fitila inda hannunta zai kai daga kwance, na kafa ƙugiya a jikin gadon na rataye sandar a ɓangaren hagu, don hannun da zai riƙe ta shi zai fara cin karo da ita.