Kurakuran da aka fi yi wajen karanta rajistar injinan tsofaffin jiragen tururi

Duk wanda ya buɗe rajistar jiragen ruwa ta Lloyd's ta wajen shekarun 1880, abin da zai fara cin karo da shi shi ne layuka cike da haruffa da lambobi a matse. A nan ɗalibai da masu binciken tarihi suke yin tuntuɓe, kuma kusan a wuri ɗaya kowa yake faɗuwa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya ga 100A1 a gaban sunan jirgi, sai ya rubuta cewa injinsa lafiya lau yake. Wannan alama ba ta ce komai game da inji ba. 100A hukunci ne a kan gangar jikin jirgin, lamba 1 ɗin kuma ta anka ce da sarƙoƙinta da igiyoyi. Inji da tukunyar tururi suna da tasu shaidar daban, wato LMC, kuma a gefenta akwai wata da shekarar da aka duba. Dalilin rabuwar yana cikin tarihi. An kafa ƙungiyar Lloyd's mai wannan rajista a Landan a 1760, lokacin jiragen katako masu tafiya da iska, kuma sai a 1874 ta ɗauki injiniyanta na farko mai duba inji, William Parker. Saboda haka ka nemi LMC, sannan ka duba kwanan watan. Shaidar da ta shekara biyar ba ta gaya maka halin da tukunya take ciki a ranar da jirgi ya tashi ba. Ƙaramar alamar kuros da ke gaban LMC kuwa tana nufin sufeto yana wurin tun ana ƙera injin.

Wasu kuma suna haɗa Lloyd's mai rajista da Lloyd's kasuwar inshora. Asalinsu ɗaya, shagon kofi na Edward Lloyd, amma gida biyu ne. Ɗaya yana duba jirgi, ɗayan yana ɗaukar hasara.

Sai maganar ƙarfe. Da yawa suna ɗaukar baƙin ƙarfe da sitil abu ɗaya ne, alhali a wancan zamani bambancinsu ya hana injiniyoyi barci. Sitil na farko bai samu amincewa da wuri ba. Ƙaramin jirgin da aka ƙera wa Livingstone, Baturen nan mai binciken Afirka, da sitil a 1858, Ma Robert, bai daɗe a kogin Zambezi ba jikinsa ya ɓuɓɓule. Sai da hanyar narkarwa ta Siemens ta samar da sitil mai laushi aka soma sakin jiki, har kamfanin Denny na Dumbarton ya ƙera jirgin sitil Rotomahana a 1879, kamfanin Cunard kuma ya samu nasa, Servia, a 1881. Duk da haka, a 1880 farantan sitil na tukunyar da aka yi wa Livadia, jirgin sarkin Rasha da ake ƙerawa a bakin kogin Clyde, sun tsage tun kafin a sa su aiki. Shi ya sa idan ka samu rahoton sufeto, kada ka tsallake layukan gwajin ƙarfe. A nan ake yanko ɗan tsiri daga faranti, a ja shi da na'ura har ya tsinke don a ga nauyin da ya ɗauka da yadda ya miƙe, wani kuma a lanƙwasa shi a ga ko zai tsage. Ka lura ko ramukan ƙusa an huda su da dirila ne ko an ɓula su da bugu, domin bugu yana raunana sitil a kewayen rami, sai an sake gasa farantin an bar shi ya huce a hankali. Waɗannan layuka su ne zuciyar takardar.

Akwai kuma ruɗanin matsin tururi. Lambobi biyu za ka gani: wanda tukunya take aiki da shi, da wanda aka gwada ta da shi. Gwajin da ruwa ake yi, ba da tururi ba, a cika tukunya taf a yi ta tura famfo har matsi ya ninka na aiki. Wanda ya kwafi babbar lambar a matsayin ta aiki ya ba jirgi ƙarfin da ba shi da shi. Jirgin Aberdeen, wanda ya fito da martabar inji mai amfani da tururi sau uku a 1881, da matsin nauyin fam 125 a kan kowane murabba'in inci yake aiki. Idan ka ga jirgin kaya na wannan shekara da 250, koma ka sake dubawa.

Ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, ma haka: iri biyu ne, NHP da IHP. NHP lissafi ne da ake fitarwa daga girman inji, ba abin da aka auna yana aiki ba. Wanda aka auna daga matsin cikin silinda shi ne IHP, kuma yakan ninka na farkon sau da dama. Kafin ka gwada jirage biyu, ka tabbata awo iri ɗaya kake riƙe da shi.

In ka nemi jirgi a Lloyd's ka rasa, kada ka yanke cewa ba a taɓa duba shi ba. Leƙa littattafan sauran masu rajistar jirage: Bureau Veritas, wanda aka kafa a 1828, ko Germanischer Lloyd na Jamus na 1867, ko British Corporation ta Glasgow ta 1890. Idan jirgin fasinja ne na Birtaniya, hukumar ciniki ta gwamnati ma a wancan lokaci tana da nata sufetocin da nata takardun shaidar.