Haɗa magungunan barin taba: kurakuran da aka fi yi

Da yawa daga masu son barin sigari a Katsina sukan gwada magani ɗaya, in bai yi ba su ce abin ya fi ƙarfinsu. Nan ne kuskuren farko. Filastar nikotin (sinadarin da ke sa jarabar taba) da ake liƙawa a jiki tana sakin maganin sannu a hankali tsawon yini, amma ba ta kashe ƙishirwar tabar da ke taso wa mutum farat ɗaya, bayan cin abinci ko a teburin mai shayi idan abokai na zuƙa. Wannan aikin cingam ɗin nikotin ne ko alewar tsotso mai nikotin. Haɗa filasta da ɗayansu ya fi amfani da guda ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a jagorar da ta fitar a 2024.

Cingam ɗin shi aka fi ɓata wa aiki. Ba a taunarsa kamar na yara. Ka tauna a hankali har ka ji ɗan yaji a baki, sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Yajin ya lafa, ka sake taunawa, haka har kusan minti 30. Mai taunawa da sauri haɗiye nikotin ɗin yake yi, sai shaƙuwa da ƙwannafi su biyo baya, ya jefar ya ce maganin bai karɓe shi ba. Kada ka sha kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin ka sa shi, domin suna hana shi shiga jiki. Wanda ke kunna karan farko cikin rabin awa da farkawa, mai miligiram 4 ya dace da shi, ba mai 2 ba.

A filasta kuwa, tattalin kuɗi ke kai mutane ga farawa da ƙarama. Mai shan fiye da kara 10 a rana da mai miligiram 21 yake farawa, sannan ya sauko 14, sannan 7, a cikin mako 8 zuwa 12. Ina jin takaicin ganin mutum ya daina liƙa filastar a mako na biyu don ya ji sauƙi, alhali lokacin ne ya fi bukatarta. Da zafin nan namu zufa kan ɓamɓare ta, don haka a liƙa a busasshen wuri marar gashi, a riƙa canza wurin kullum. In kuma ka yi tuntuɓe ka zuƙi kara ɗaya, bar filastarka a jiki, ka ci gaba.

Ƙwayoyin barin taba na varenicline da bupropion ba na saye a kemis kai tsaye ba ne. Varenicline ana fara shi mako ɗaya kafin ranar da ka sa za ka daina, bayan an ci abinci, da cikakken kofin ruwa saboda tashin zuciya. Bupropion haramiyar mai farfaɗiya ne, kuma haɗa shi da tramadol na iya jawo jijjiga. Kafin ka haɗa varenicline ko bupropion da filasta, je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin Daura, ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, har na gargajiya. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda kada su fara komai sai likita ya duba su.