Filin jirgi na wucin gadi a karkara: kurakuran da ke kashe shi tun maƙiyi bai iso ba

Daga watan Satumba na 1940, Turawan Ingila sun riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su a can, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau), su ratsa Sudan har Masar. Layin bai biyo ta Damagaram ba, don a lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato Faransawan da suka haɗa kai da Jamus. Amma abin da ya wahalar da su a hanya shi ne abin da ke gabanmu har gobe: rairayi, zafi da ƙura. Filin da aka share a daji don jirage su sauka na ƴan watanni, na soja ne ko na agaji ko na feshin fari, waɗannan ne ke fara cin sa, kuma galibi da taimakon masu aikin da kansu.

Kuskuren farko tun wajen zaɓen wuri yake. Mutum ya zo da rani, ya ga fako shimfiɗe fes, tauri kamar daɓe, ya ce ya samu. Bai tambayi dalilin da ya sa ko ciyawa ba ta fitowa a wurin ba. Sau da yawa laka ce a ƙasa, ruwa na kwanciya a kai. Ruwan Damagaram bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 a shekara ba, sai dai mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zubowa, wani lokaci a dare ɗaya, fakon nan ya wayi gari tabki. Jigawa kuma nata aibin daban: tana shanye ruwa, amma taya na nutsewa. Gyaran ba ya cin kuɗi. A zauna da mai gari da makiyayan wurin, a tambaye su inda ruwa ke bi da inda yake kwana. A haƙa ramuka masu zurfin mita ɗaya a wurare da dama bisa tsawon titin jirgin, a ga abin da ke ƙarƙashi. Inda aka tarar da suri, a tone shi har gindi a cike da ƙasa mai kyau, don in an baje samansa kawai, ramukan gara na nan suna jiran nauyi.

Sai alƙiblar titi. Jirgi yana tashi yana sauka ne fuska ga iska. A nan iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, saboda haka titin da ya miƙe tsakanin waɗannan kusurwoyi biyu yana aiki duk shekara. Na filin jirgin Zinder ma haka ya miƙe. Wanda ya karkatar da shi don gudun sare ƴan itatuwa ko don ya bi gefen hanyar mota ya haɗa direbobin jirgi da iskar gefe kullum.

Inda aka fi yin hasara, a ganina, shi ne tsawo. Ana buɗe littafin jirgi, a ɗauki adadin mitocin da yake buƙata, a auna daidai, a tsaya. An manta adadin nan na bakin teku ne, a sanyin digiri 15, bisa kwalta. Zinder tana sama da teku da kusan mita 460, kuma a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri: fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Lissafin da ake koya wa masu tuƙa ƙananan jirage shi ne a ƙara kashi 10 cikin ɗari ga kowane ƙarin digiri 10, a ƙara wani kashi 10 ga kowane mita 300 na tudu, in ƙasa mai laushi ce a ƙara kashi 25 ko fiye. Ana ninka su ne ɗaya bisa ɗaya, ba a zaɓar guda. Titin da ya ishi jirgi da asuba yana iya gaza masa da azahar. In ba halin ƙara tsawo, a rage kaya ko a mai da tashin masu nauyi da sassafe. Gawo ko kuka da ke daidai bakin titi kuwa, kowane mita na tsayinsa yana cinye mitoci da yawa na filin.

Wajen shimfiɗa marmara, gaggawa ce matsala. A juye lodin kamyo da kauri, mota ta bi sau biyu, a ce an daɓe. Sama ta yi tauri, ƙasa na nan sako-sako. Ana zuba ta ne hawa-hawa, santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Gwajin danshi a hannu yake: ka dunƙule, ta riƙe siffarta ba ta jiƙa maka tafi ba. Wannan aiki na shan ruwa ƙwarai, kuma wanda zai yi shi wajen Tanut ko Tesker ya fara neman rijiya kafin ya nemi injin daɓe. A bar wa tsakiyar titi ɗan doro, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, da lambatu hagu da dama masu kai ruwa nesa. Faifan ƙarfe mai huji da Amurkawa suka fito da shi a 1941, Marston Mat, kowane ɗaya tsawon mita 3 da nauyin kilo 30, ya yi suna don saurin shimfiɗawa. Duk da haka, inda aka ɗora shi kan ƙasa maras magudana, taɓo ya riƙa tsartowa ta hujojin.

Ƙura ba ƙazanta ba ce kawai. A Normandi ta Faransa a 1944, ƙurar filayen wucin gadi ta lalata injinan jiragen Typhoon har sai da aka yi musu matatar iska cikin gaggawa. A Afrilun 1980 kuma, a hamadar Iran, helikwaftan Amurka ya bugi jirgin C-130 cikin ƙurar da ya tayar, mutum 8 suka mutu. A daɓe wurin juyawa da wurin ajiye jirage kamar yadda aka daɓe titi, a jiƙa su, a toshe bakin inji da zarar an kashe shi, a ba da tazara tsakanin mai tashi da mai bi masa.

Mai kuwa, durom ɗin lita 200 da aka bari tsaye a rana yana numfashi: ya fitar da iska da rana, ya zuƙo danshi da dare. A kwantar da shi a inuwa bisa katako, a bar shi ya natsu bayan tafiya, a tsiyayi na ƙasa a kwalba a duba ruwa kafin a zuba wa jirgi. Da hunturu tartsatsin lantarki na taruwa a jikin ƙarfe, don haka a haɗa durom da jirgi da waya kafin a buɗe murfi. Na fetur da na kananzir kada su kwana wuri ɗaya.

Akwai kuskuren da ba na injiniya ba, wato ɗaukar daji a matsayin wurin da ba mai shi. Titin da ya datse burtali ko hanyar rijiya, garke zai ratsa shi ko da an kafa waya. Kafin a sare itace ɗaya, a je wurin sarki da hukumar filaye ta COFO, a rubuta gonar wa aka taɓa, nawa za a biya, yaushe za a mayar. A buɗe wa dabbobi wata hanya, a ɗauki mutanen garin su zaga titin kafin kowace sauka suna tsince dutse da ƙaya. Juji da wurin yanka su yi nisa, don su ke kiran shirwa, ita kuma jirgi na iya karo da ita.

Ranar barin filin ma aiki ce. Filayen jirgi da yawa na kudancin Ingila, na lokacin yaƙin duniya na biyu, an naɗe ragar ƙarfensu bayan an gama da su, suka koma gonaki. Marmarar da aka daɓe ba ta komawa da kanta. Gero ba ya huda ta. Tun farko a tara ƙasar sama gefe guda. In an gama, a kwashe duromomi da ƙasar da mai ya jiƙa, a farfasa titin da garmar inji, a mai da ƙasar saman, a haƙa ramukan tare ruwa, rabin wata da tassa, a zuba taki, kafin ruwan farko ya sauka.