Tsohuwar Bindigar Soja: Yadda Za Ka Yanke Shawarar Sauya Ta ko Barin Ta Yadda Take

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ƙasashe da dama sun wayi gari da rumbuna maƙare da bindigogin da aka daina yayinsu, sai suka riƙa sayar da su ga 'yan kasuwa a kan kuɗi kaɗan. A shekarun 1950 da 1960 mafarautan Amurka da Kanada sun yi ta sayen Lee-Enfield ta Ingila da Mauser ta Jamus, suna yanke katakon gaba, suna rage tsawon bututu, suna huda ƙarfe domin ɗaura madubin saiti, har kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya mayar da wannan aiki sana'a. A lokacin babu wanda ya ga laifinsu, domin bindigogin sun yi yawa kamar ba za su ƙare ba. Yau kuwa waɗanda suka tsira daga zarto sun yi ƙaranci, kuma masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗin da ya ninka na yankakkiya kafin su samu guda ɗaya.

Kafin komai, a san matsayin doka. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saboda haka wannan bayani ya shafi ƙasashen da doka ta yarda a mallake su ne. A Amurka, bindigar da ta kai shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi, amma ATF, hukumar da ke kula da makamai a ƙasar, ta shar'anta cewa ta soja sai tana cikin siffarta ta asali, wanda ya yanke ta kuwa yana iya fitar da ita daga wannan rukuni.

Idan bindiga ta shigo hannunka, ka tabbatar babu harsashi a cikinta, sannan ka ajiye samfefa da fenti a gefe, ka zauna wuri mai haske ka karanta abin da ke rubuce a jikinta. Hatiman da aka buga a ƙarfe su ne za su gaya maka inda aka ƙera ta da shekarar da aka yi. Lee-Enfield, wadda dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a yaƙin Bama, an ƙera ta a Enfield da Fazakerley a Ingila, da Lithgow a Ostareliya, da Ishapore a Indiya, da Long Branch a Kanada, kuma kowace masana'anta da irin tambarinta. Bayan haka ka gwada lambobi. A kan Mauser K98k ta Jamus, wadda aka fara bai wa sojoji a 1935, ana buga lamba ɗaya ko ƙarshenta a uwar jiki (ƙarfen da bututu ke haɗe da shi) da sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi) da ƙota (katakon bindigar) da ƙananan sassa da yawa, kuma wadda lambobinta suka dace gaba ɗaya ta fi wadda aka harhaɗa daraja nesa ba kusa ba. Wadda Rashawa suka kama suka sake gyarawa, za ka ga an zana mata sabuwar lamba a sakata da alƙalamin lantarki, rubutun a karkace kamar na hannu. Arisaka ta Japan tana ɗauke da hatimin furen sarki a saman uwar jiki, wanda aka goge daga mafi yawansu bayan an miƙa wuya, don haka mai cikakken fure ba abar taɓawa ba ce.

Akwai abin da ya fi lamba ma. Idan K31 ta Suwizalan ce, ka kwance sukurori biyu na ƙarfen gindin ƙota a hankali, domin sau da yawa akan tarar da ɗan katin da sojan da aka ba shi ita ya rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa da rundunarsa da garinsu. Mutumin da ya jefar da wannan ƙota ya sa ta roba, ya zubar da abin da babu maƙerin da zai iya dawo masa da shi.

Mataki na gaba shi ne lafiyar bindigar, kuma wannan aikin ƙwararren maƙerin bindiga ne mai lasisi. Shi zai auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, ya leƙa cikin bututu ya ga ko tsatsa ta cinye zanen cikinsa mai juya harsashi. Wasu ma ba a so a harba su ko da sun yi kyau a ido: Springfield ta Amurka samfurin 1903 mai lamba ƙasa da 800,000, da irinta da aka yi a masana'antar Rock Island mai lamba ƙasa da 285,507, an samu matsala wajen gasa ƙarfensu, yana iya tsagewa. Irin waɗannan a rataye su kawai.

Daga nan shawarar ba ta da wuya, a ganina. Idan bindigar cikakkiya ce, katakonta da bututunta da saitinta duk na asali, to a bar ta. Wanda yake son bindigar farauta mai madubi, kuɗin da zai ba maƙeri ya huda ƙarfe ya lanƙwasa hannun sakata ya sa sabuwar ƙota zai kusan saya masa sabuwa fil wadda ta fi tsohuwar sauƙin ɗauka da daidaiton saiti, sannan ga asarar darajar da ya jawo. Masu cewa ai samfurin yana da yawa su tuna da Mosin-Nagant ta Rasha: an ƙera miliyoyinta tun daga 1891, a shekarun 2000 ana sayar da ita ƙasa da dala 100 a Amurka, mutane suka yi ta yanka, yanzu kuwa sai an biya ɗaruruwan daloli. Amma idan wani ya riga ya yanke bututun ko ya huda uwar jiki shekaru da suka wuce, aikin gama ya gama, kana iya yi mata duk gyaran da doka ta yarda da shi ba tare da damuwa ba. Wadda katakonta kawai aka rage, ƙarfenta na nan lafiya, ita ce ta cancanci a nemo mata sassa na zamaninta a mayar da ita siffarta, da sharaɗin a faɗa wa mai saye gaskiya ranar da za a sayar.

Tsabtacewa ita ce inda mutanen kirki suka fi yin ɓarna. Daskararren maiƙon ajiya da ke jikin katako yana fita idan aka shanya ƙotar a rana ana gogewa da tsumma, ba a buƙatar samfefa, wadda ke shafe hatiman masu duba makamai cikin minti kaɗan. Ƙotar Lee-Enfield man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, aka saba shafa mata, shi ya kamata a ci gaba da shafawa kaɗan kaɗan. Kada a kankare ƙarfe don ya yi ƙyalli, kada kuma a sake rina shi. Tsofaffin harsasan soja da yawa suna barin wani gishiri a cikin bututu wanda ke jawo laima, mai kuma ba ya narkar da shi, saboda haka bayan harbi a wanke bututun da ruwan zafi, a busar, sannan a shafa mai a ranar.

Wanda idonsa ya raunana kuma dole sai da madubi, akwai mariƙan madubi da ake ɗaurawa a gurbin saitin baya ba tare da huda komai ba, haka nan akwai matashin roba da ake sanya wa gindin ƙota kamar safa domin rage dukan kafaɗa. Duk abin da ka cire, ko da sukuru ɗaya ne, ka shafa masa mai, ka sa a jaka, ka rubuta lambar bindigar da ranar da ka cire a jikin jakar, ka ajiye ta tare da hotunan da ka ɗauka kafin ka fara kwancewa.