Yadda za ka nemi ƙarin albashi lokacin da kasuwa ta faɗi

Gaskiya akwai nauyi ka nemi ƙari lokacin da kamfani ke kukan babu ciniki, amma fa kar ka yi shiru kana ta haƙuri, tsadar kaya tana cinye albashinka a hankali ko ba a rage maka komai ba.

Kafin ka shiga ofishin oga ɗauki takarda ka rubuta abin da ka yi cikin wata 6 da suka wuce, kwastomomin da ka riƙe, kuɗin da ka ceto wa kamfani, da aikin wanda aka sallama da aka ɗora maka ba a ƙara maka ko sisi ba. Wannan na ƙarshen wallahi shi ne babbar hujjarka. Kar ka fara da kukan kuɗin haya, shi ma yana da nasa.

Ka duba lokaci, ba ranar da aka gama mitin ɗin asara ba. Ka faɗi adadin da kake so ƙarara sai ka yi shiru ka bar shi ya amsa.

In ya ce babu kuɗi yanzu, nemi alawus ko ƙarin kwanakin hutu, ku tsayar da ranar sake zama nan da wata 3, kuma ka roƙi a turo maka a rubuce ta imel.